Rediyon da Ba Ya Son Inuwa

Abin da na fara lura da shi ranar da kawuna ya kai ni makarantar kwana ta 'yan mata, can bayan garin Kafanchan, wani ɗan allo ne da aka jingina a bakin taga, fuskarsa na kallon rana. Girmansa bai wuce na farantin cin tuwo ba. Launinsa tsakanin baƙi da shuɗi, kamar zanen da aka tsamo daga rini, kuma an raba shi gida-gida da siraran layuka masu ƙyalli. Kawuna yana ta gaisawa da maigadi, akwatin ƙarfena yana kaina, ni kuwa ina ta tunanin me aka shanya haka. A ƙauyenmu, ta wajen Kachia, duk abin da aka fuskantar da rana shanya ce: citta da aka tsaga, barkono, rogo. Wannan kuwa babu alamar ya taɓa jiƙewa.

Ban tambayi kowa ba. A wancan lokacin, cikin shekarun saba'in, ni ba mai tambaya ba ce. Hausata ta coci ce da ta kasuwa, Turancina na cikin littafi ne, kuma da zarar babba ya dube ni sai maganar ta koma ciki ta kwanta. Ido kawai nake da shi.

Kowace sabuwar ɗaliba ana ba ta wurin shara. Ni aka ba ni barandar wannan ajin mai taga, shi ya sa cikin makon farko na gano amfanin allon. Na malamin kimiyya ne, wani matashin mutum daga wajen Kagoro, siriri, mai saurin tafiya, aljihun rigarsa kullum fari da alli. Ya samo allon ne wajen wani kwas da aka tura shi. Wayoyi biyu suka fito daga bayansa, ja da baƙa, suka shiga cikin wani ƙaramin rediyo ta wurin da ake sa batir. Wurin batir ɗin a buɗe yake, babu komai ciki sai ƙura. Amma idan hantsi ya yi, rana ta sauka a kan allon, sai ka ji mutum yana karanta labarai daga Kaduna.

Na tsaya da tsintsiya a hannu har aka kaɗa ƙararrawa.

Maƙwabciyar gadona a ɗakin kwana 'yar ma'aikacin jirgin ƙasa ce, haifaffiyar kwatas ɗin reluwe. Bakinta ba ya hutawa: Hausa, Turancin kasuwa, har da zagi cikin harsuna uku. Ita ta raɗa mini 'yar citta, ni kuma ban hana ba, domin tana yi mini maganar da ni ba na iya yi.

Ranar da Malam ya shigo da allon cikin aji, ya ce da irinsa tauraron ɗan Adam yake samun wuta a can sama, sai ta ɗaga hannu tun bai gama ba.

"Sa, kumbon nan da ya kawo mana ciwon ido?"

Aji ya fashe da dariya, domin babu wadda afolo, ciwon idon da ya ci sunan kumbon, bai taɓa rufe wa ido ba. Malam ma ya yi dariya. Ya ce kumbo bai kawo wa kowa ciwo ba, kuma wanda yake magana a kai ba mutum a cikinsa. Akwati ne na ƙarfe da ake harbawa sama, yana ta zagaya duniya, yana karɓar magana daga wata ƙasa yana miƙa wa wata. A can babu mai kai masa kananzir, babu kantin batir. Sai aka lulluɓe jikinsa, ko aka yi masa fukafukai, da irin wannan allo.

"To idan dare ya yi fa?" in ji ta.

Malam ya rufe tagogi ya bar guda. Ya ɗora ƙwallo a kan tebur inda hasken ke faɗowa, ya riƙe ƙwallon goruba yana zagaya ƙwallon da shi. Muka ga gorubar ta shiga duhu a bayan ƙwallon, ta fito ta ɗaya gefen. Ya ce wannan shi ne daren tauraron: inuwar duniya. Waɗanda ke shawagi kusa da mu suna shiga wannan inuwa sau da yawa a yini guda. Don haka suna ɗauke da batir mai cika, yana sha lokacin haske, yana ciyarwa lokacin duhu.

Wannan bai ba ni wahala ba. Uwata ma tana cika rumbu da kaka don bazara. Abin da ya dame ni daban ne, kuma a baranda na gamu da shi.

Da Malam ya ga ba na fasa abu, sai ya ɗora mini fitar da allon da rediyon kowace Asabar, a kan benci, don masu wanki su ji kiɗa. Wata Asabar rediyon ya yi shiru gaba ɗaya, ga rana tsaka. 'Yan aji biyar suka fara ihu daga bakin famfo.

"Ke 'yar fom wan! Me kika taɓa?"

Ban taɓa komai ba. Ƙadangare ne ya hau, ya kwanta a kusurwar allon yana shan ɗumi, yana gyaɗa kai. Na kore shi, mai kiɗan ya dawo kamar ba inda ya je. Na tsaya ina kallo. Ƙadangaren gida ɗaya kawai ya rufe, sauran gidajen duk suna cikin rana. Me ya sa rediyon bai rage murya kaɗan kawai ba?

Daga ranar na shiga gwaji a ɓoye. Na sa ganyen mangwaro a kan gida ɗaya: shiru. Na matsar da ganyen ya rufe rabin gidan: murya ta dawo, amma a shaƙe, kamar ta mai mura. Na gwada gida na tsakiya, na gwada na gefe, duk ɗaya. Na miƙa zaren tsintsiya a kai, rediyon bai kula ba. Na ɗaga tafin hannuna sama sosai, inuwar ta baje ta yi laushi, muryar ta ragu kawai. Na sauko da shi kusa, inuwar ta yi baƙi, muryar ta mutu. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne gajimare. Siririn gajimare zai rufe rana, allon duka ya dushe, amma mai labarai yana nan yana magana a hankali. Ganye guda kuwa, da bai kai tafin hannun jariri ba, sai ya rufe masa baki.

Na kai makonni ina juya abin. Daga ƙarshe na faɗa wa maƙwabciyata, muna cin gari da ƙuli a bayan ɗakin kwana.

"To ki tambaye shi mana."

Na girgiza kai.

"Ke dai Allah ya ba ki baki don cin gari kawai. Bari."

Washegari a aji ta miƙe. "Sa, 'yar citta tana da tambaya, amma ta bar bakinta a Kachia." Ta faɗi tambayar, har da ƙadangaren. Na sunkuyar da kai.

Malam bai yi dariya ba wannan karon. Ya tambaye mu ko mun taɓa yin aikin ginin coci, inda mata ke jeruwa daga rafi zuwa wurin kwaɓa ƙasa, ana miƙa bokiti hannu zuwa hannu. Duk mun taɓa. Ya ce idan rana ta yi zafi kowa ta gaji, ruwa yana isowa, a hankali dai. Amma idan mace ɗaya a tsakiyar layi ta zauna ta naɗe hannu, ko sauran suna da ƙarfin doki, bokiti ba zai wuce ta ba. Gidajen allon haka aka jera su, wutar sai ta bi ta cikin kowanne kafin ta fita. Gidan da inuwa ta rufe shi ne matar da ta zauna.

Ya ce wannan ne yake hana masu ƙera tauraro barci. Inuwar duniya sun san lokacin zuwanta, sun yi mata tanadi. Amma tauraron yana da nasa kayan da suka turo waje: faranti na karɓar magana, sanduna, shi kansa gangar jikin. Yana juyawa, inuwar waɗannan tana yawo a kan fukafukansa. Ƙaramar inuwa a wurin da bai dace ba sai ta kashe layi guda, kuma babu mai hawa ya gyara. Don haka tun a ƙasa suke zama su lissafa inda kowace inuwa za ta faɗa. Wasu kuma suna sa wata 'yar hanyar ratse, yadda wuta za ta tsallake gidan da ya yi duhu.

"Namu yana da ita, Sa?" Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba. Duk ajin suka juyo.

"Namu na talakawa ne," in ji shi. "Ba shi da ita."

A zangon da ya biyo baya muka ƙera namu tauraron. Gangar jikinsa babban gwangwanin madara ne, farantinsa murfin kwano, sandunansa wayar ƙafar keke. Allon muka ɗaura a gefe ɗaya a matsayin fiffike, a ɗaya gefen muka yi na kwali muka shafa masa shuni don ya yi kama. Rediyon yana cikin gwangwanin. Muka kafa shi a kan sanda, ana iya juya shi. Ni ce mai juyawa. Ina juya shi a hankali cikin rana, inuwar murfin kwanon ta rarrafo ta hau gefen allon, tauraronmu ya yi shiru. Sau uku muna cire murfin muna canza masa wuri kafin muka sami inda ba ya damun kowa. Ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba, har na fara mantawa ina magana da ƙarfi.

A lokacin ne maganar ɗaki ta taso. Iyayen yara sun yi aikin gayya sun gina sabon ɗaki guda a ƙarshen jerin azuzuwa. Malamar koyar da girki da ɗinki tana so a zuba kekunan ɗinki a ciki. Malam yana so ya zama ɗakin kimiyya, domin in babu shi, duk mai son kimiyya a makarantarmu daga aji uku take ajiye ta. Ba a zana jarrabawarta sai da ɗakin gwaji. Ni dai na riga na san abin da nake so, ko da ban faɗa wa kowa ba. Ina so in ga inda wannan magana take kaiwa.

Kwamitin iyaye ne zai yanke, kuma kowa ya san kwamitin bakin mutum ɗaya yake kallo: wani tsohon fasto da ya yi ritaya, wanda ya yi wa rabin iyayenmu baftisma. An ce ya fi karkata ga ɗinki, wai yarinya mai keke ba ta kwana da yunwa. Aka shirya cewa ranar ziyarar iyaye kowane ɓangare zai nuna abin da yake yi, da yamma kwamiti ya zauna.

Matsalar ita ce Malam 'yar autan tsohon yake aure. Mun sha ganin abin da ke faruwa idan surukin nasa ya shigo makaranta a kan kekensa. Malamin da ke cika aji da murya sai ya koma kamar ɗan fom wan: ya cire hula, ya rusuna, idonsa a ƙasa, "I, Baba" da "To, Baba" kawai. Saboda haka maƙwabciyata aka zaɓa ta yi bayani. Ta haddace shi tsaf, tana maimaita mini har a layin wanka.

Na ɗauka ni zan tsaya ina juya tauraron. Amma da safen ranar, Madam firinsifal ta aiko a kira ni ofis. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ke ce marar surutun nan? Yauwa. Kina da tsayi kuma." Ta miƙo mini wata babbar laima baƙa mai mariƙin katako. "Baba Fasto bai daɗe da tashi daga ciwo ba. Duk inda ya sa ƙafa, kina bayansa. Rana ta taɓa kansa, ni da ke ne. Kin ji?"

"I, Ma."

Bazara ce, zafi tun hantsi. An shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, an yi rumfa da ganyen kwakwa, iyaye mata sun zo da anko na zumuntar mata, wasu da kwanonin acca a ɗaure cikin ɗankwali don 'ya'yansu. Tsohon gajere ne, sanye da kwat mai kauri duk da zafin, kansa babu gashi ko ɗaya, yana ƙyalli. Yana tafe yana tsokanar mutane. Ya waiwayo ya dube ni sau ɗaya.

"'Yar ina ce ke?"

Na faɗi sunan ƙauyenmu da ƙyar.

"A'a, masu citta! Shi ya sa kika yi tsawo, yaji ne ya kore ki sama."

Muka fara da teburin ɗinki, wanda ke cikin rumfa. Ya ɗaga rigar jariri, ya juya ta, ya duba bakin ɗinkin ta ciki, ya yaba. Daga nan aka nufi tsakiyar fili, inda tauraronmu yake tsaye cikin rana. Tun daga nesa ana jin rediyon, ana gaishe-gaishen masu sauraro. Mutane sun kewaye. Maƙwabciyata ta buɗe gwangwanin tana nuna wa iyaye wurin batir babu komai, wata tsohuwa tana ta cewa, "Kai, Turawa!" Malam yana gefe, hannuwansa a baya.

Aka buɗa wa Baba hanya. Ya matso dab da sandar, ya sunkuya don ya ga allon da kyau. Na matso da laima.

Rediyon ya yi shiru.

Maƙwabciyata ta tsaya a tsakiyar jimla. Ta bubbuga gwangwanin. Ta taɓa wayoyin. Tsohon ya jira kaɗan, ya miƙe, ya ja da baya don ya ba ta wuri, ni ma na ja. Sai ga murya ta dawo, wani yana gaida ƙanwarsa da ke Zonkwa.

"To, ya farka," in ji Baba. Ya sake matsowa. Shiru.

Wani dattijo daga baya ya ce, "Ya ga fasto ne, ya san bai je coci ba!" Fili ya ɗauki dariya. Baba ma ya yi, ya ja baya, rediyon ya yi magana, ya matso, ya yi shiru. Dariyar ta ƙaru. Wata mata ta ce akwai yarinyar da ke taka waya a ƙasa, a duba ƙafafunsu. Wani ya ce ai dama abin Bature sai Bature.

Ni kuwa ina gani. Bakin laimar ya yanko kusurwar allon, gida ɗaya da ɗan gefen na biyu, inuwa baƙa ƙirin. Sauran duk suna walƙiya. Wanda bai sani ba zai rantse allon cikin rana yake. Na karkatar da laimar a hankali zuwa hagu. Inuwar ta sauka daga allon, rediyon ya yi tari zai fara, sai rana ta faɗo a kan ƙeyar tsohon. Na ɗaga ido, na haɗu da na Madam daga cikin jama'a. Na mayar da laimar. Shiru.

Maƙwabciyata ta san maganar inuwa kamar yadda na sani, amma ta rikice, tana ta kwance waya tana ɗaurawa, bakin nan da ba ya hutawa ya bushe. Na dubi Malam. Ya gani. Na ga idonsa ya hau kan laimar, ya sauko kan allon, ya zo kaina, ya koma ƙasa. Leɓɓansa sun motsa. Ta yaya zai ce wa uban matarsa, a gaban jama'a, ya fita daga inuwa ya tsaya a rana?

Tsohon ya daina dariya. Ya juya wajen surukinsa, muryarsa ba faɗa a ciki.

"Malam, ni ban ƙi abinku ba. Amma abin da ke aiki daga nesa, in an matso a duba ya ƙi, yaya zan gaya wa iyayen yara su ba shi ɗaki? Keke dai ko ina tsaye a kansa yana ɗinki."

"I, Baba," in ji Malam.

Baba ya gyara kwat ɗinsa, alamar za a wuce teburin gaba. Madam ta riga ta juya. Na gyara riƙon laimar. A gidanmu yarinya ba ta yi wa babba magana a tsaye, ga shi ba halin in durƙusa da laima a hannu. Sai na rage tsawo iya yadda zan iya, laimar tana nan bisa kansa.

"Baba."

Bai ji ba. Na sake, da ƙarfi kaɗan, har waɗanda ke kusa suka yi tsit. Ya juyo yana neman inda muryar ta fito, ya same ni a ƙarƙashin hannuna.

"Na'am, 'yar masu citta? Ashe kina magana?"

"Baba, rediyon lafiyarsa ƙalau. Inuwarka ce, wadda nake riƙe maka." Ban yarda na dubi wajen Madam ba. "Don Allah, Baba, ka yarda in naɗe laimar nan, ka sha rana kaɗan. In ya yi magana, ka sa babban yatsanka a kan gida ɗaya na allon, ka ji da kanka."